Abin Da Bai Faru Ba

Yau na miƙa katin shiga.
Yarinyar da ke ƙofa ta datse shi da almakashi,
ta ce, "Madam Amezian, a huta lafiya."
Shekara talatin da ɗaya, ƙaras, kamar yankan farce.

A hawa na huɗu, ɗakin da ba taga,
na tsufa da waya a kunne,
ina sauraron maza da harshen uwata,
harshen duwatsun Rif, wanda aka goya ni da shi,
ina juye shi cikin na hukuma:
wannan "biki" biki ne,
wancan "biki" ba amarya a cikinsa.
A wannan layi kaza kawai ake ciniki.
A wancan, maza a tashi mutane daga barci.

Aikinmu ba ya da hoto.
Jirgin ƙasa ya iso Antwerp takwas da kwata,
yara sun taso makaranta suna rigima kan alewa,
ba wanda ya san Talatar nan ƙwato ta aka yi.
Wa ke godiya kan gobarar da ba ta tashi ba?

A masallacin unguwa, in na shimfiɗa darduma
sai sahu ya yi giɓi:
"Kunnen gwamnati ya iso."
A ofis kuwa, bayan shekara bibbiyu a sake tona asalina,
wa ƙanena ya aura, me ya kai ni Nador da rani.
Jemage ke nan, tsuntsaye sun ƙi, ɓeraye sun ƙi.

Zalman Brodt ya kira ni wani dare,
mai tsaron makarantar Yahudawa ta bayan tasha,
murya kamar ƙyaure mai tsatsa:
"An yi rubutu a bangonmu. Zo ki karanta mini."
Na je. Zagin ma da gyara,
yaron bai iya haɗa baƙi ba.
Muka tsaya cikin yayyafi, shi da baƙar malfa, ni da gyale,
muna gyara wa maƙiyi nahawu,
har dariya ta kuɓuce mana gaban 'yan sanda.

Daga nan sai Laraba-Laraba, shayi a kofin takarda,
don ba ya ci a kwanon kowa,
ni ma da nawa sharuɗɗan.
Naman alade dai bai taɓa raba mu ba.
Gaza ce ta raba mu, wata bakwai ko sallama.
Na faɗi tawa, ya faɗi tasa,
har gobe ba wanda ya janye.
Amma daren da aka jefa kwalbar fetur a ƙofar masallacinmu
ya riga liman isowa,
da silifas, da bokiti.
Nasa suka ce ya yi laushi. Nawa suka ce an saye ni.

Kaya biyu ne ban miƙa tare da katin ba.
Ƙofar da aka ɓalla da asuba bisa fassarata,
ashe tsoho ne mai kiwon tantabaru,
"kayan" da zai "saki" masu fiffike ne.
Sai Ilyes, ɗan mai burodi.
Sau tara na ji muryarsa,
sau tara na rubuta, "surutun ƙuruciya ne."
Ko kabarinsa ba a san inda yake ba.
Uwarsa har yau tana yi mini gyaran burodi guda.
Ba ta sani ba.
Ina karɓa, ina ci, yana tsaya mini a wuya.

Da na fito, ga Zalman a benci kusa da tasha,
kofi biyu, hannunsa na rawa, rabin shayin a ƙasa.
Taragu ya wuce cike da mutane,
wata na gyangyaɗi, wani na cin tuffa,
ba wanda ya dube mu.
Ya ce, "Zulikha, har yanzu ba kya ba ƙofa baya."
Na ce, "Kai da ka ƙirga jakunkuna tun daga can fa?"
Ya ce, "Sha huɗu."
Na ce, "Sha biyar. Akwai ta bayan ginshiƙi."

Muka zuba mata ido, shayi na hucewa,
har mai ita ya dawo ya ɗauka.